Moɗar Bakin Ƙofa

Kedrovka, 3 ga Yuni 1854

Zuwa ga uwargidana abar ƙaunata, Glafira,

Gaisuwa mai yawa tare da begenki. Ina fata kina lafiya ke da yara, kuma tarin Lizanka ya lafa. Ni na sauka lafiya, sai dai ƙugu da hanya ta kwance mini. Duk wanda ya ce miki an gyara titin duwatsun Ural, ki ce ya zo ya hau keken doki ya gani da idonsa.

Bayan haka, masana'antarmu ta ƙarfe na nan lafiya, tanderu huɗu suna ci ba dare ba rana, ƙarfen da gwamnati ta nema zai fita a kan kari. Wannan ki faɗa wa duk wanda ya tambaya daga majalisa. Sauran labarin ke kaɗai zan iya gaya wa.

Na je gidan Inna ranar da na iso. Har yanzu ta ƙi komawa gidan dutsen da na gina mata, tana nan a gidan katakon Baba a bakin tafki. Rabona da ita tun lokacin da na aske gemu na koma cocin gwamnati don a ba ni kujera a majalisa. Don wauta irin tawa sai na tafi da rigar aiki mai zinariya a wuya, lambobin girma reras a ƙirji, wai ta ga abin da ɗanta ya zama. Yaya Ustinya ce ta buɗe ƙofa, ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ake nema?" Can ta ƙura mini ido ta dafe ƙirji: "Ya Ubangiji, Nikandr! Wa ya fige ka haka? Fuska sai ka ce gwiwar jariri!"

Na yi dariyar yaƙe na shiga. A gaban hotunan tsarkaka hannuna ya yi alamar gicciye da yatsa uku, yadda ya saba a birni, ba biyu ba irin na masu tsohuwar aƙida da gidanmu ke bi. Inna na kan benci kusa da murhu, ta gani. Ta rame ƙwarai, Glafira, na tsorata da ganinta. Ta ce, "Ka zo lafiya? Ka yi ƙiba."

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba game da gidanmu. Kwanuka iri biyu ne: na 'yan gida, da na mutanen duniya, wato duk wanda ba ya cikin aƙidar. Na mutanen duniya suna kan wata kanta a bakin ƙofa, ba a haɗa su da na ciki ko wajen wanki. Baƙo zai ci ya sha ya ƙoshi, amma ba a cikin kwanon gida ba. Ina yaro ni ake aika in miƙa wa masu amalanke ruwa a wata moɗar gwangwani mai lanƙwasasshen baki, in riƙe ta da tsumma. Da Yaya ta kawo mini kvas, abin shan nan na jiƙon burodi, a cikin wannan moɗar ta kawo shi, ita ɗin dai. Na sha, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Arkadi, mai zanen da na zo da shi don ya zana Inna a rataye a zaurenmu, shi ma an ba shi tasa daga kantar. Abin ya burge shi, har yana tambaya ko zai iya zana kantar. Inna kuwa ta ƙi zama. Ta ce, "Fuskar tsarkaka ake zanawa, ɗan nan. Ni me na yi?"

Zanen bai dame ni ba yanzu. Ba na tsammanin Inna za ta ga wata bazara, kuma ina so kafin ta tafi in zauna a gidan nan a matsayin ɗa, ba baƙo ba. Ki gaishe mini da yara, ki sumbaci Lizanka.

Naki har kullum,
Nikandr

Kedrovka, 12 ga Yuni 1854

Glafira tawa,

Ina gaisuwa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Nawa jikin lafiya lau, amma na yi abin kunya, kuma gara ki ji daga bakina kafin Arkadi ya dawo ya baza shi a gidajen shayi.

Ranar Lahadi hakimin gunduma, wani Platon Yegorovich, ya zo gaishe ni tare da manajan masana'anta. Da aka ce ina wurin Inna sai suka biyo ni can. Irin mutanen nan ne masu dariya kafin su gama magana. Yaya ta shimfiɗa musu abinci, miyar kabeji da burodi da kifi, duk a kwanukan bakin ƙofa, ni ma haka. Hakimin ya dubi moɗar gwangwanin da ke gabana, ya dubi tasa, ya kece da dariya: "Ashe mai girma ma baƙo ne a nan kamar mu! Nikandr Fomich, wallahi da a majalisa za a ji cewa da kofin masu amalanke ake shayar da kai a gidanku, da an sha labari." Manajana ya sunkuyar da kai, amma na ga kafaɗarsa tana rawa.

Kin san zuciyata. Inna tana da wata moɗar itace da Baba ya sassaƙa mata da hannunsa shekarar aurensu, mariƙinta kan agwagwa ne, ta yi baƙi da santsi don tsufa. Ba ta shan komai sai da ita. Tana nan a gefenta a kan benci, da ruwa rabi. Na miƙe, na ɗauka, na ce, "A gidan ubana nake," na kafa kai na shanye.

Hakimin sai dariyar ta maƙale masa. Inna ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta dai dubi moɗar a hannuna yadda ake duban dabbar da ta karye a ƙafa. Baƙin suka tuna suna da uzuri suka fice.

Yaya ta ja ni zaure ta wanke ni tas. Ta ce, "Kai dai ba ka girma ba, furfura kawai ka yi. Ka san abin da ka yi? Ta zama ta duniya ke nan, ba za ta ƙara kai ta baki ba." Na ce to a wanke mana, ai na san akwai addu'ar da ake yi a tsarkake kwano. Ta ce, "Akwai. Wa zai yi? Dattijo Yermil ne mai yi, bara aka rufe ɗakin addu'armu aka tasa ƙeyarsa, ba mu san inda yake ba. An ce daga Petersburg umarnin ya zo. Kai da kake can, ba ka ji ba?"

Na ji, Glafira. Kwamitin da nake ciki ne ya duba maganar rufe irin waɗannan ɗakuna, na ɗaga hannu tare da kowa, ina sauri in je ganin wasu zane-zane da suka iso daga Italiya. Wannan na ɓoye wa Yaya.

Tun ranar Inna da tafin hannu take shan ruwa. Yaya ta kawo mata moɗar gida iri-iri, ta ce bakinta bai saba ba. Rabin ruwan a riga yake ƙarewa. Na aika gida-gida har ƙauyukan daji a nemo wani dattijo mai addu'a, na ce ko nawa ne zan biya. Kowa ya ce bai san kowa ba. Gaskiyarsu: mutum mai lambobi a ƙirji yana cigiyar dattijonsu, wa zai nuna?

Mutum ne ni da nake ciyar da masu zane goma sha, ake yabona a jarida wai na san darajar abu mai kyau. Abu mafi kyau a gidanmu na ɓata shi don kada wani hakimin ƙauye ya yi mini dariya. Ko fita masana'anta ba na son yi, gani nake kowane maƙeri ya ji.

Ki yi mini addu'a, ko da yatsa nawa ne.

Mijinki,
Nikandr

Kedrovka, 21 ga Yuli 1854

Abar ƙaunata Glafira,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Takardarki ta iso, na gode da ba ki yi mini faɗa ba, ko da yake na ji shi a tsakanin layuka. Na ji daɗi da Lizanka ta warke. Majalisa ta aiko a kira ni, gobe da safe zan kama hanya. Arkadi ya riga ya wuce da zanen tanderu da na tafki, ban bar shi ya ƙara taka gidan Inna ba.

Yau na je yi wa Inna sallama, da tsohuwar rigar farauta, ba lamba ko ɗaya. Na durƙusa a gabanta na kai goshi ƙasa yadda muke yi muna yara, na ce ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya yafe mana duka. Tashi, gwiwarka ba ta wannan aikin ba ce yanzu." Yaya daga bakin murhu ta ce, "Bar shi ya ɗan jima, Inna, tumbin ya sauka."

Na gaya wa Inna maganar kwamitin. Na zaci za ta kore ni. Sai ta ce ta daɗe da sani, manajan ya faɗa wa mutane tun bara yana alfahari da ni. Wato duk zaman nan da na yi, tana sane take tambayata ko na ci na ƙoshi.

Moɗar Baba tana kan taga tun ranar, ba mai taɓa ta. Na san ƙa'ida: abin da ba a tsarkake ba, murhu ake jefa shi. Na roƙe ta kada a ƙona, ta ba ni in tafi da ita. Ba zan ɓoye miki ba, har na fara hango ta a cikin akwatin gilashi a zaurenmu, baƙi suna tambayar wane gwani ne ya sassaƙa. A gaban uwata, ina tsakiyar neman gafara, abin da zuciyata ta kawo mini ke nan.

Inna ta ce a'a. Ta ce Yaya ta tashe ta. Da kyar ta miƙe, ta yafa tsumma a hannu ta ɗauki moɗar, tana dafa bango har bakin ƙofa. Ta sauke ta gwangwanin ta ajiye gefe, ta ɗora ta Baba a kan kantar. Ta ce wa Yaya, "Wannan ba ta masu amalanke ba ce, kin ji? Kada a ba kowa." Sannan ta juyo gare ni ta kira ni da sunan da rabona da ji tun ina da gemu. Ta ce, "Nikasha, in ka tafi da ita, ranar da ka dawo da me za ka sha?"

Mu uku mun san ba zan same ta ba in na dawo. Yaya ta zuba mini kvas a ciki, na sha a tsaye a bakin ƙofa, Inna tana kallona har na shanye. Da na fito na waiga ta taga, na ga ta koma benci, Yaya tana tsiyaya mata ruwa a tafin hannu.

Ki sa a gyara mini ɗaki, amma kada ki gayyaci kowa cin abinci makon da zan iso, ba zan iya zama a gaban kofunan gilashi ana yabona ba. Ki gaishe da yara, ki ce Babansu na hanya. Ki huta lafiya.

Ni ne naki,
Nikandr