Sheƙar shamuwa a kan tankinmu

Alhamis da dare, Omdurman

Yau na sa ƙanena Usman ya rushe sheƙar shamuwa.

Shekara da shekaru a darbejiyar tsakar gidanmu suke sauka. Mu muka sare ta muka yi girki lokacin da yaƙi ya hana mu gas. Da suka dawo bana ba su sami bishiya ko ɗaya a layin nan ba, sai suka hau tankin ruwanmu suka yi gida. Murfin a fashe yake, kashinsu na zuba ciki, ga 'yata Safiya kwana huɗu tana gudawa.

Usman ya hau ya leƙa, ya ce, "Yaya, akwai 'ya'ya uku fa, ko gashi ba su gama ba."

Na ce, "Khalas, shi ke nan, turo su ƙasa."

Biyu sun mutu nan take. Na ukun yana ta buɗe baki a kan siminti, har magen maƙwabta ta zo ta ɗauke shi. Ina tsaye, ban kore ta ba.

Hajja Zainabu ta leƙo ta katanga ta ce, "Haram alaiki, 'yar nan! Baƙin damina ne." Na ce ta kai su nata tankin.

Uwar ta dawo da la'asar da fara a bakinta. Ta daɗe tsaye a kan tankin tana dube-dube, daga baya ta haɗiye abinta.

Na wanke tankin tas. Tun ɗazu nake jiran in ji tausayi, shiru. Kafin yaƙin nan ko kaza ba na iya kallo ana yankawa.