Hannun Wa Kake Aunawa?

Daga Jidda

Zuwa ga Yaya Zayyanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina Baba da Inna da mutanen Sifawa? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya na ɗaga tsohon da nake jinya, wanda jijiyar jini ta toshe masa, ɓarin jikinsa ya shanye.

Yaya, don Baba na aiko da na'urar awon hawan jini. Mako shida kana turo mini hoto, kullum awo kamar na saurayi. Jiya na ƙura wa hoton ido. Ina tabon laujen da ke hannun Baba? Naka kake aunawa, ko? Na san kana jin nauyin ce masa ya naɗe hannun riga. Kuma ban yarda an rage gishiri da man shanu a miyarsa ba, na san halin Inna.

Don Allah ka kai shi asibiti a Boɗinga a auna shi. Kullum ina juya uban wasu a kan gado. Kada ka sa in dawo in juya namu.

Allah Ya ja kwanansa.

Ƙanwarka,
Ummukulsum