Ƙararrawar Keken Baba

Gummi, daren Laraba, 12 ga Maris, 2014

Kullum ina gaya wa ɗalibaina cewa tsatsa ba mutuwar ƙarfe ba ce, amma ni kaina na zaci keken Baba ya gama yayi. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, keken na yashe bayan rumbu, kaji na kwana a kansa. Shekaranjiya Inna ta ce in ba 'yan gwangwan shi, ganinsa na tayar mata da hankali. Na roƙe ta kwana biyu.

Na jiƙa sarƙar a kananzir, na dirje tsatsar da toka da lemun tsami, mai faci ya sa sababbin tayoyi. Yau da la'asar na turo shi zaure, na kaɗa ƙararrawar sau biyu, yadda Baba kan yi in ya dawo daga fadama.

Daga madafa Inna ta amsa, "Sannu da zuwa, Malam, ga ruwa nan..." Haka ta saba tarbar Baba.

Can ta leƙo tana share ido da haɓar zane.

"Kai, ja'iri! Bar shi nan zaure. Gobe in ka taso makaranta, ka ƙara kaɗawa."