Makarantar da Madam Ta Yi Mini Alkawari

Yaya Zulfa,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya mutanen Pauwa, an fara yankan dawa?

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Tun zuwana Legas ba a sa ni makaranta ba. Kayan makarantar da kika gani a jikina a hoto na 'yar Madam ne, uwar ɗakina.

Ran da aka kawo ni aiki na tambayi Madam ko zan shiga sakandare, ta ce "definitely". 'Yarta ta ce ma'anarsa tabbas, babu makawa. Na yi mamakin mai yin maganar gobe ba in sha Allahu, amma na ɗauka haka manya suke. Da yara suka koma makaranta ta ce "probably", wai ana kyautata zato. Bana kuma "maybe" take cewa, ko kallona ba ta yi. Turancin da na samu ke nan.

Kar hankalinki ya tashi, ina cin abinci, ba a dukana. Hannuna ne kawai ke tsagewa da wanki. Don Allah kar Inna ta ji tukuna, kin san saboda karatu ta yarda na taho.

Malam Gide, direban nan mai kawo masara daga Sheme, zai koma gida bayan Sallah. Na roƙe shi ya taho da ni, ya ce akwai wuri a gaban motarsa. Ba zan sake tambayar Madam ba. Ki rage mini gefen tabarmarki.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Baraka