Ruwan Rijiyar Gidanmu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba, ya yara? Ni lafiya ƙalau, kada Inna ta sa damuwa a ranta. Ɗakina ƙarami ne, amma ko ba komai shara ba ta ba ni wuya.

Kin tambaya yaushe kamfani zai sake buɗe ɗakin bincikenmu na reshen gida in dawo. Shugabata ta ce yanzu duk bincike a hedkwata za a riƙa yi, reshe ya haɗa sabulu ya sayar kawai. Na ce, matasan da muka horar fa? Ta ce in sha shayina kada ya huce.

Abin dariya, aikina a nan shi ne in zuba sinadarai a ruwan famfo har ya yi zartsi irin na rijiyarmu, don a gwada kumfar sabulu. Ran nan na faki ido na ɗanɗana. Bai yi ba, Yaya.

Injiniyan reshe zai zo wata mai kamawa. Don Allah ki cika gora a rijiyar gida ki ba shi. Na ce musu na gwaji ne. Rabi zan ba su.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta