Aniyata ta Bana Ita Ce In Kira Sunanta

Tumfure, Gombe
Makon farko na Janairu

Bashira matata, sanyin idona, ruwan randa a tsakar ranar bazara, ke da muryarki ke sauke mini gajiyar kasuwa tun ban cire takalmi ba! Sallama gare ki daga mijin da gidansa ya yi masa faɗi. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da Mama da duk mutanen gida a Manawashi.

Saƙon muryarki ya iso, na yi ta maimaita shi har wayar ta ɗau zafi a hannuna. Kin ce kowa na ta ɗaura aniyar sabuwar shekara, ke kuwa taki ita ce ki koyi mantawa, kuma mantawa ba za ta yiwu miki a ɗakinmu ba, don haka in daina sa ran dawowarki. Sai kika rufe da maganar da ta tsaya mini a rai har yau: "Kai ai ka riga ni warkewa. Tunda aka haife ta har ta koma, ko sau ɗaya ban ji sunanta a bakinka ba."

Wayyo Bashira! Ni ne na warke? Ni da na raka ki gida da cikin fari ina ta lissafin ranar da za ki dawo mini da goyo? Ni da aka kira a shago aka ce zazzaɓi ya ɗauke mana 'yarmu tun ba ta gama gane fuskarmu ba? Da hannun nan nawa na ɗauke ta zuwa maƙabarta, ba ta fi nauyin ƙwaryar fura ba, amma har gobe kafaɗata ba ta sauke ta ba. Idona ya bushe ƙamas a gaban jama'a, aka yi ta yaba haƙurina. Wallahi ban taɓa jin yabon da na tsana kamar wannan ba.

Kin san gidan da na fito, amma ba ki tashi a cikinsa ba. A gidanku Baba yana kiran yayanki da sunansa gatsau, har ya ja shi da wasa. Ni mahaifina, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya bai taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗan fari. "Kai yaron nan," shi ke nan. In na kwanta rashin lafiya, sai ya zo bayan taga ya tsaya yana tambayar Dada, mahaifiyata, ko an ba awaki ruwa, alhali numfashina ya zo saurare. Haka aka koya mini so: ka ɓoye shi, ka kau da kai, ka bar shi ya ci ka a ciki. Shi ya sa ranar suna, da kika miƙo mini ita a gaban goggonnina, na juyar da fuska. Goggo Lami ta ce, "Madalla, ɗan gidanmu bai zubar da kunya ba." Su sun ji daɗi, ke kuwa na ga yadda hannunki ya koma da ita ƙirjinki a sanyaye. Na ce a raina akwai lokaci, in kun dawo Tumfure zan ɗauke ta son raina, babu mai ganina. Ashe babu lokacin.

Kin tuna bara war haka? Muna zaune a tabarma muna shan rake, cikinki bai ko fito sosai ba, kika ce lallai sai kowa ya faɗi aniyarsa. Ke kika ce za ki riƙa tattaki kullum da yamma, ni na ce na bar sukari a shayi. Tattakinki bai taɓa wuce wurin mai awarar bakin layi ba, ni kuma kin kama ni da ƙullin sukari a aljihu tun sati bai zagayo ba. Dariyar da kika yi ranar, har sai da maƙwabta suka leƙo! Ina dariyar nan take yanzu, farin watana? Wa ya kwashe ta ya bar mini gida shiru, sai kukan kurciya a kan katanga?

Bana ma mutane ba su fasa ba. Dalhatu, maƙwabcina a kasuwa, ya sayi takalmin gudu, yana ta cika baki: "Ja'afaru, bana sai na sauke tumbin nan, ba wasa!" Yana faɗa yana tauna tsire. Da ya tambayi tawa aniyar, sai na kau da zancen, don ke ya kamata ki fara ji. Aniyata guda ɗaya ce: kullum in na dawo daga sallar asuba, in kira sunan 'yata da ƙarfi, yadda kunnena zai ji.

Kada ki ɗauka abu ne mai sauƙi. Ranar farko na zagaya bayan gida, cikin gonar nan da aka girbe dawa, inda ba kowa sai karare. Na buɗe baki, harshe ya ƙi. Gardi kamar ni, na tsaya ina motsa leɓe ina waige-waige kamar ɓarawon kaza. Washegari ma haka. Ranar da sunan ya fito, da ƙyar ya fito, a shaƙe: Ihsan. Na durƙusa a kan kunyar gonar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, har rana ta ɗaga.

Yanzu bakina ya fara sabawa. Shekaranjiya a Keke Napep, kan doguwar hanyar nan ta shiga gari, sunan ya kuɓuce mini ban sani ba, har mai keken ya taka birki yana tambayar ko sauka zan yi. Jiya kuwa na yi ta maza, na je gaishe da Dada, na ce mata, "Dada, ina kewar Ihsan." Na zaci za ta tsawata mini. Sai ta juya ga bango, ta daɗe tana gyara mayafin da bai kwance ba. Can ta ce, "Allah ya sa mai ceto ce."

Don haka ina roƙon ki, hasken gidana, ki sauya aniya. Kada ki koyi mantawa. In kika manta, ni da wa zan tuna ta? Mu biyu kaɗai ne a duniyar nan za mu ce 'yarmu ce. Ke kin san ƙamshin wuyanta da yadda take damƙe yatsa, ni ban sani ba, na kau da kai lokacin da ya kamata in duba. Ni kuma na san inda take kwance, da itaciyar da ke yi mata inuwa, ke ba ki sani ba. Ki dawo ki ba ni naki, in ba ki nawa. Ban ce ɗakin zai daina yi miki ciwo ba, ni ma yana yi mini. Na dai ce ba za ki ƙara yin kuka ke kaɗai ina zaune kamar dutse ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zo Manawashi. Ba zan maƙale a zaure kamar baƙo ba, zan nemi izinin Mama in shigo har ƙofar ɗakinki, in kira sunan a gaban kowa, duk mai jin kunya ya ji ta shi kaɗai. In kin ɗaga labule, alhamdu lillahi. In ba ki ɗaga ba, zan faɗa wa labulen in tafi, in dawo wata Juma'ar, har shekarar ta ƙare mu shiga wata.

Ni ne naki, yau da gobe, har ƙasa ta rufe idona,

Baban Ihsan