Hanan ta rama

Asabar da dare, Bronx

Ƙafafuna ciwo suke, amma har yanzu dariya nake ni kaɗai.

Yau a taronmu na iyalai masu 'ya'ya ruwa biyu, muna jera kujeru mu 'yan sa kai, sai Marisol ta ja ni gefe, idonta jawur. 'Yar ƙasar Dominika ce, mijinta Bakano. Wai surukinta da ya zo daga gida kullum sai ya kira 'yarta Hanan mummuna, har yarinyar ta tambaya ko don gashinta ba irin nasu ba ne. Ta ce ba za ta ƙara barinta kusa da shi ba.

Mijin nan ya ba ni haushi. Shekara takwas da aure bai gaya mata wasan kaka da jika ba! Na ce mata ai jikar da ake ji da ita ake tsokana. Sannan na koya wa Hanan amsa.

Da la'asar Alhaji, kakan Hanan, ya zo ɗaukarsu. "Ina mummunar nan?"

Hanan ta riƙe ƙugu. "Ga ni, tsoho mara haƙori!"

Ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Ya share hawaye ya ce, "Yauwa! Wata biyu ina jiranki."